Baƙin Mai a Hannun Kaka

Tabon allurar ƙarin ruwa bai gama ɓacewa daga bayan hannun jaririn ba ranar da uwarsa ta girke bokiti mai famfo a ƙofar kicin, ta ajiye sabulu a kan murfin gwangwani. Kwana biyar suka yi a asibiti. Amai da gudawa sun zuƙe yaron, ɗan wata takwas, har maɗigarsa ta loɓa. Da aka sallame su, ma'aikaciyar jinya ta raka ta bakin ƙofa tana nanata abu ɗaya: duk hannun da zai taɓa shi ko abincinsa, sai ya sha sabulu tukuna.

Aikin yana wajen yayarsa, 'yar shekara huɗu, wadda ake kira Aku saboda bakinta.

"Aku, kin fito daga banɗaki. Sai me?"

"Sai cin abinci."

"Kafin nan fa?"

Aku ta ɓoye hannuwa a baya, ta tura baki. Tun safe ake wannan dambarwa. Uwar ta yi lallashi, ta yi waƙa, ta zare ido, duk a banza.

Ana cikin haka kakan yaran ya yi sallama. Mahaifin uwar ne, bakanike, garejinsa na ƙarshen layi, kullum nan yake cin abincin rana. Ya zaro tsumma daga aljihu ya goge hannu sama-sama kamar yadda ya saba, ya nufi tabarmar da jaririn ke zaune.

"Ina gwarzon asibiti? Taho nan."

"Ai Kaka ma ba ya wankewa," in ji Aku. "Kuma shi ba a taɓa yi masa allura ba."

"Ke! Wannan bakin naki!" Uwar ta sunkuyar da kai. Kwana biyu tana neman hanyar da za ta faɗa masa, nauyinsa ya hana ta.

Tsohon ya tsaya, hannuwansa a miƙe. Ya dube su. Baƙin mai ya cika ƙarƙashin farce, ya kwanta a kowane layi na tafin. Da yatsan hannun nan yake laluba dasashin yaron ko haƙori ya tsiro, da shi yake gutsura masa biredi. Likita bai ce daga nan ciwon ya fito ba, ba wanda ya ce. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ya juya, ya durƙusa gaban bokitin, gwiwoyinsa na ƙara.

"To, malama, zo ki koya mini. Tsufa ya sa na manta."

Aku ta leƙa fuskarsa ko wasa yake. Sannan ta matso, ta murɗa famfon.

"Ka jiƙa tukuna. A'a, ba haka ba, Kaka! Duba nawa." Ta cuɗa sabulu a nata hannun har ya yi kumfa. "Ciki. Baya. Tsakanin yatsu. Farce. Ba a sauri."

Uwar ta riƙe haɓa. Ashe duk abin da take faɗa tun safe yana cikin kunnen yarinyar, babu wanda ya zube.

Ruwan da ya gangara daga hannun tsohon baƙi ƙirin ne. Na biyu ya yi toka-toka. Sau uku Aku ta sa shi ya maimaita, tana wanke nata tare da shi don kada ya yi kuskure, amma layukan tafinsa suka ƙi fari.

"Wannan dauɗar shekara arba'in ce, malama, ba ta fita a rana ɗaya."

Uwar ta kama hannun ta juya shi, ta miƙa masa tawul. "Sauran ya zama fata, Baba. Ɗauki jikanka."

Ya ɗora jaririn a cinya. Uwar ta kawo murƙusasshiyar ayaba a ƙaramin kofi, ta kai cokali bakin yaron da ɗar-ɗar, don tun da aka sallamo su kau da kai yake yi. Yaron ya haɗiye. Ya ɗan tsaya, sai ya sake buɗe baki da kansa. Uwar ta saki wani dogon numfashi, ta zame ta zauna daɓas a ƙasa, ta jingina da bango. Ta miƙa wa mahaifinta cokalin.

Abincin rana ya riga ya huce, ba wanda ya kula. Aku ta ja hannun kakanta na hagu, ta shinshina, ta ƙura wa babban yatsan ido.

"Gobe ka zo da wuri, Kaka," ta ce. "Da sauran aiki a nan."