Flat Ɗin da Likita Ta Yi wa Kulu Tayi

Ni Ashafa, da aka taɓa yi wa tiyata ina farke ban ce uffan ba, ni za a ce in jira tafinta? A shekarun nan gwamnati ta tsuke bakin aljihu, tafintan Hausa sai an yi layi. Na ce a bar shi, Turancin da na kwasa a bas ɗin Manchester ya ishi gari guda.

Matata Kulu ce ba lafiya. Ciwon daji ya fito mata a fatar gaba, za a yanke wurin. Muka taso daga unguwarmu Whalley Range a Manchester zuwa Birmingham, don 'yarmu Zinatu tana can unguwar Sparkhill, ita za ta yi jinya. Ranar ganin likita Zinatu tana wurin aiki. Damuwar Kulu ɗaya ce: bayan yanka, za ta iya zaman tahiya a ƙasa?

Likitar, mace ce, ta ce ƙaramin rauni ana haɗe bakinsa a ɗinke. Mai faɗi, a yanko fata a cinya a liƙa. Ko kuma local flap.

Na buga gwiwa. "Hajiya, kin ji? Flat! Local kuma, kusa da Zinatu. Tun yaushe muke bin council, hukumar gari, neman gida?"

"Malam, a asibiti ake raba gida?"

"Ke ba ki san Ingila ba." Na juya wurin likita. "Two bedroom?"

Ta dube ni, ta ce daga bottom ne.

"Bottom! Ƙasa ke nan, babu hawa bene. Mun karɓa."

Kulu ta ce, "Ba ni wayarka." Ta kira Zinatu, ta miƙa wa likita ta yi mata bayani, sannan ta karɓi wayar.

Sai da yarinyar nan ta gama dariyarta ta rashin kunya, sannan ta ce, "Mama, nama ne da fata daga ƙasan mazaunai, za a juyo shi da jijiyar jininsa a rufe wurin."

"Tambaye ta wanne zai bar ni in zauna."

Likita ta ce raunin Kulu zai yi faɗi, ɗinki kawai zai riƙa ja. Wanda ake juyowa ya fi laushi, amma sai ta yi makonni a kwance ta gefe.

"Shi nake so. Malam, fita ka nemo mana shayi."

Bayan tiyata ta yi kwanciyarta tana mita, ina mata hira kyauta. Azumin da ya wuce a ƙasa ta yi tarawihi, ta zauna daram. Wa ya fara cewa an karɓa? Ni ne.