Karkataccen Kitso

Maɓallin dama ya shiga, na hagu ya ƙi. Ma'aikaciyar ɗakin haske na asibitin ta sake gwadawa a hankali, sannan ta ɗage ragar roba mai maɓallan daga fuskar yarinyar da ke kwance a gadon injin.

"Kanari, wa ya yi miki wannan kitso?"

"Gwaggona," in ji yarinyar, bakinta a ɗan karkace kamar yadda ciwon ya mayar da shi. "Har da duwatsu."

Gwaggo na tsaye bakin ƙofa, rungume da takalman yarinyar. Kitso sana'arta ce, amare har layi suke yi a shagonta. Jiya ta rufe shagon, ta zauna ta zuba wa 'yar ƙanenta ƙanana-ƙanana, ta tattara su a tsakiyar kai. Ta ji an ce hasken zai zubar da gashin, sai ta ce a ranta, in ma zai tafi, ya tafi da adonsa.

Ciwon Kanari ƙari ne, yana can ƙasan ƙwaƙwalwa, inda wuƙar likita ba ta kaiwa. Likitocin sun ce akwai sabon magani da ake gwaji, wanda aka yi don irin wannan ƙarin kaɗai, ana haɗa shi da hasken inji. Ba su yi wa kowa alkawari ba. Sharaɗinsu dai shi ne rana ɗaya ake fara su biyun, kuma Kanari ta riga ta sha maganin da safe.

"Gwaggo, wannan ragar a kanta muka gina ta," in ji ma'aikaciyar, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ita ce ke riƙe kan kada ya motsa. Ranar da muka yi ta, ba wannan kitson ba ne."

"To ki ɗan danna mana, 'yar nan. Ai roba ce."

"Wurin da nake nema bai fi ƙwayar wake ba, kuma kusa da shi ne numfashinta yake. Ba na danna komai a ɗakin nan."

"In ba ta shiga ba fa?" in ji Gwaggo.

"Sai an gina sabuwa, an sake hoto, an sake lissafi. Ba aikin yau ba ne, kuma ban sani ba ko masu gwajin za su jira mu." Ta juya wa Gwaggo allon kwamfuta. "Amma ga hoton kanta a ranar da muka gina ragar. In aka mayar da shi haka, za ta shiga."

Gwaggo ta leƙa. Jela biyu ce, ɗaya kamar ƙafar akuya, ɗaya siririya, tsagar kuwa ta taso daga goshi ta yi kwana ta nufi kunne.

"Wane mara tsoron Allah ne ya yi wannan?"

"Baba," in ji Kanari. "Ranar Mama tana asibitin haihuwa."

Da aka zo tsefewa ne yarinyar ta ɗora hannu biyu a ka, ta ce ita ba a taɓa mata. Gwaggo ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ma'aikaciyar ta durƙusa ta ciro wayarta.

"Gaskiyarki, ni ma ba zan yarda ba sai an ɗauke ni hoto. Juyo nan. Ɗaga haɓa, amarya."

Ta ɗauke ta gaba da baya, ta nuna mata, har yarinyar ta sauke hannu da kanta. Sannan ta fita ta roƙi wani tsoho mai jiran layi ya shiga a madadinsu. Tsohon ya ce shi da ba gashi gare shi ba ai dole ya taimaka wa masu shi.

A ɗakin jira Gwaggo ta tsefe aikin yininta, tana zuba duwatsun a aljihun jaka. Ta kalli hoton kitson Baba ta raba gashin biyu, ta kitse. Hannu dai ya saba: tsaga ta fito sambal, jela biyu kamar tagwaye. Aka koma, aka gwada, maɓallin ya ƙi. Ta sake, ta karkatar da gangan, ya sake ƙi. Gumi ya tsattsafo mata. Ma'aikaciyar ta juya ragar, ta sa yatsa tana bin wani lotsawa a ciki.

"Kin ga nan? Babanta ya fara daga ƙasa, kuma sako-sako. Yana kusa?"

Yana kusa. Direban bas ne, ya ajiye mota a bakin asibiti, ya kasa shigowa saboda ba ya iya ganin an ɗaure kan 'yarsa. Gwaggo ta same shi a baranda.

"Taso, gwanin kitso. Ana nemanka."

"Yaya, ba lokacin wasa ba ne."

"Wa ya ce maka wasa nake? Wanke hannunka."

Ya zauna a kujera, Kanari a tsakanin gwiwoyinsa. Ya ƙi karɓar tsinke, da ɗan yatsa ya yi tsagar, yana cije leɓe kamar mai kwance taya. Gwaggo ta riƙe masa mataji. Duk inda ya kama sai ta ji kamar ta buge hannun, amma ta haɗiye.

"Baba, ka fi Gwaggo rashin zafi."

"Rufe min baki, butulu," in ji Gwaggo.

Wannan karon maɓallan suka shiga ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikaciyar ta duba layukan jan haske a kan ragar, ta sake dubawa, ta shafa ƙafar yarinyar, sannan ta fitar da kowa. Ƙofar mai kauri ta rufe. A ƙaramin allo suna ganin Kanari kwance ita kaɗai, injin na kewaya kanta sannu a hankali.

"Ina ganinki, Kanari," in ji ma'aikaciyar ta lasifika, idonta bai bar allon ba. "Ko gunki albarka. Saura kaɗan."

Gwaggo ta daɗe tana kallon bayan matar. Ko sau ɗaya matar ba ta ce laifin wane ne ba.

"Kullum haka za a riƙa yi?" direban ya tambaya da raɗa.

"Kullum, har gashin ya fara zuba," in ji ma'aikaciyar. "Ran nan sai mu sake aunawa."

Ya sunkuyar da kai. Motar ba tasa ba ce, kuma da safe ake lodi, ba zai samu zuwa kullum ba.

Gwaggo ta zare ɗankwalinta, ta juya masa ƙeya, ta zauna a ƙasa a gabansa.

"Yi min a kaina in ji yadda kake kamawa," ta ce. "Kuma kada ka gyara komai."