Ranar da Aka Saki Ruwa

Malam Datti ya shekara goma sha ɗaya yana koyar da kimiyyar ƙasar noma a wata ƙaramar kwalejin aikin gona da ke tsakanin Kura da Bunkure. A duk shekarun nan abin da ya mallaka da sunan ofis bai wuce teburi ɗaya a ɗakin malamai ba, dab da ƙofa, inda kowa ke ajiye hularsa idan zai fita alwala. Shi ya sa ranar da shugaban kwalejin, Dakta Mudassiru, ya kira shi ya ce wata gidauniya a Abuja za ta tallafa wa kwalejojin da ke son koyarwa da na'urorin zamani, kuma duk wanda ya rubuta takardar da ta jawo tallafin shi ne daraktan sabuwar cibiya, Datti bai ji sauran bayanin ba. Hankalinsa ya riga ya tafi wajen ɗaki mai ƙofa, da sunansa a jikin ƙofar.

Ya samo tsofaffin takardun neman tallafi guda uku daga wani abokinsa da ke wata jami'a a kudu, ya yanka nan, ya ɗinka can, ya sauya sunaye. Aka kafa kwamiti. Kwamitin ya zauna sau bakwai, biyar daga ciki a kan sunan da za a raɗa wa cibiyar, ya sha lemo katan huɗu. A zama na shida ne Malama Saude, mai koyar da noman rani, wadda ita kaɗai ta karanta takardar har ƙarshe, ta ɗaga hannu.

"Malam Datti, a shafi na goma sha biyu ka ce ɗalibanmu a kwale-kwale suke zuwa makaranta."

"Kuskuren bugu ne," in ji Datti, ya soke layin.

"Sai shafi na bakwai. Ka ce kashi ɗaya cikin uku ba sa zuwa aji da rani saboda rashin na'urori da kuma nisa daga duniyar ilimi."

"Wannan kam ba kuskure ba ne."

"Ai kowa a ɗakin nan ya san inda suke zuwa. Duk ranar da ruwa ya zo layinsu a kanal ɗin ban ruwa, suna gona. Ni abin da nake yi, in ɗauki darasina da murya a waya in tura musu, su ji suna ban ruwa. Da a ce za mu nemi a faɗaɗa wannan, a kuma gyara jadawalin aji ya kauce wa ranakun ruwa…"

Datti ya cire tabarau, ya dube ta da irin tausayin da ake yi wa wanda bai taɓa zuwa taron bita a otal ba.

"Malama, babu gidauniyar da za ta ba da tallafi a kan abin da kike yi kyauta. Kuma ba a rubuta wa mutanen Abuja cewa ɗalibanka manoma ne. Sai su raina mu."

"A kwalejin noma, Malam?"

Shugaba ya yi gyaran murya ya ce a ci gaba. Don kada a ce an danne mace, Datti ya ba shawararta layi biyu a shafi na arba'in da ɗaya, ƙarƙashin "Sauran ƙananan abubuwa". Shafuka arba'in ɗin farko kuwa zaure ne mai sanyi, da kwamfutoci ɗari, da majigi, da malamai daga ƙasashen waje suna koyarwa kai tsaye ta intanet, da motar darakta don zirga-zirgar sa ido.

Abin mamaki, takardar ta haye matakin farko. Gidauniya ta rubuto cewa za ta aiko wakiliya ta ga wuri da ɗalibai, a zaɓi rana. Datti ya zaɓi Talata, domin ranar ce ake kawo wuta unguwar daga safe zuwa azahar. Ya aro kwamfutoci ashirin daga wani shagon buga takardu a Kura, ya sa aka share zauren taro, aka kori tattabarun da ke zaune a silin.

Ranar Juma'a bayan an sallame, shugaban ƙungiyar masu ban ruwa ya miƙe a masallaci ya yi shela. An gama gyaran kanal da aka rufe sati uku. Za a saki ruwa zuwa ɓangarensu ranar Talata da asuba, wuni ɗaya tak, daga nan ya wuce gaba. Masallaci ya ɗauki hamdala, don dashen tumatir ɗin kowa ya fara langaɓewa. Datti ma yana da rabin eka a bayan Kadawa, an yi masa dashe kwana tara da suka wuce.

Ya garzaya wajen shugaban kwalejin.

"Ranka ya daɗe, Talatar nan fa."

"Kada ka damu, Malam Datti. Na sa an liƙa sanarwa a allo. Duk ɗalibin da bai zo ba zai gamu da fushin hukuma. Ni da kaina zan tari baƙuwar a bakin ƙofa."

Da wani ne, da ya sake rana. Amma Datti ya karanta shafi na bakwai sau da yawa, ya gyara shi, ya ƙawata shi, har ya wayi gari ya yarda da shi. Rashin na'ura ke hana yara zuwa. Ga na'ura an kawo. Game da gonarsa, ya roƙi maƙwabcinsa na gona ya buɗe masa fangalolinsa idan ya gama da nasa. Maƙwabcin ya ce in sha Allahu, yana kallon wani wuri dabam.

Talata aka kawo wuta, kamar yadda ya lissafa. Majigi ya kama, ya haska sunan cibiyar mai kalmomi goma sha uku a bango. Datti ya tsaya a gaban zaure cikin babbar riga mai sitaci tana ƙanshin kafur. Tara ta yi. Tara da rabi. Tattabaru biyu suka dawo.

Ƙarfe goma motar gidauniya ta shigo. Wakiliyar, Hajiya Mubina, ta fito, mace mai ƙaramin jiki da takalmin yawo, riƙe da takardarsa duk ta sha jan biro. Ta leƙa zaure, ta dubi kujeru, ta dube shi.

"Dakta Mudassiru?"

"A'a, Hajiya, Datti ne, mai rubutun. Shugaba na nan tafe. Wani uzuri na gaggawa ne."

"Ɗaliban fa?"

"To, kin ga abin da muke faɗa ke nan a shafi na bakwai. Nisa daga duniyar ilimi…"

"Ba ga kwamfutocin nan ba?"

"Ba su saba ba tukuna."

Ta juya wajen Baba Hashimu mai gadi, wanda ciwon gwiwa ne kawai ya zaunar da shi a bakin ƙofa ranar.

"Baba, ina mutanen makarantar nan?"

"Suna bakin kanal, 'yata. Yau aka saki ruwa. Wa zai zauna? Ko ni da ƙafa ta bar ni, da kin tarar da ƙofa a buɗe."

"Har malamai?"

"Har mai gayya, shugaba. Tun asuba na ga motarsa ta wuce da tiyo a but."

Ta buɗe wa Datti ƙofar bayan motar ta ce ya nuna hanya.

Rabon da Datti ya ga kwalejin ta cika haka tun bikin yaye ɗalibai. Kanal ya tumbatsa, ruwa na gangarawa ta tiyo zuwa fangaloli, mutane birjik tun daga bakin hanya har inda ido ya tsaya. Ga 'yan aji ɗaya, ga 'yan ajin ƙarshe, ga mai kula da ɗakin karatu da fartanya. Can kuma ga Dakta Mudassiru, wando a naɗe, taɓo har gwiwa, yana sa'insa da magatakardan kwaleji a kan wanda ya janye wa wani tiyo. Da ya hango baƙuwa sai ya saki fartanya, ya nemi inda zai goge hannu, ya rasa.

"Barka da zuwa, Hajiya. Darasin gwaji muka fito."

"Na gani, Dakta. Taka ce wannan gonar gwajin?"

Ba ta jira amsa ba. Ta lura da yawa daga cikin ɗaliban suna aiki da abin ji a kunne. Ta tsayar da wani magidanci mai gemu da ke datse ruwa da ƙafa, ta tambaye shi waƙar wa yake ji.

"Ba waƙa ba ce, Hajiya. Darasin jiya ne."

Ya miƙa mata. Muryar mace ce, tana bayani da Hausa tana sirkawa da Turanci, kan yadda gishiri ke taruwa a ƙasar da ake yi wa ban ruwa fiye da kima. "Dubi bakin fangalinka yanzu," in ji muryar. "Idan ka ga fari-fari, to shi nake nufi." Hajiya Mubina ta sunkuya ta duba. Akwai fari-farin.

"Wannan ɗaya ne daga cikin tsare-tsaren cibiyarmu," in ji Datti da sauri.

"A wane shafi?"

Ita ta nemo da kanta, tana lasar yatsa tana buɗawa, ta wuce zaure mai sanyi, ta wuce malaman ƙasashen waje, ta wuce motar darakta. Sannan ta tambayi mai muryar. Aka nuna mata Malama Saude, can a gonar albasar mahaifiyarta, ta ɗaure mayafi a ƙugu. Suka zauna a bakin kanal suka yi hira ta kusan awa guda. Datti ya tsaya a rana yana tattare gefen riga kada ya taɓa laka.

Da yamma ya je bayan Kadawa. Maƙwabcinsa ya shayar da nasa fangalolin sun ƙoshi, ya tafi gida. Na Datti ƙasa ta dare, dashen ya kwanta. A duk yankin, gonar mutum ɗaya ce ba ta sha ruwa ba ranar, kuma shi ne malami ɗayan da ya je makaranta.

Bayan sati shida wasiƙa ta zo. An ba da tallafi, amma ba zaure, ba kwamfutoci ɗari, ba mota. 'Yan na'urorin ɗaukar murya ne, da faifan sola na cajin waya, da sharaɗin cewa jadawalin aji zai bi jadawalin ruwa, kuma Malama Saude ce za ta jagoranta. A taron malamai Dakta Mudassiru ya bayyana cewa dama tun farko wannan ne tunaninsa. Ya gode wa Malam Datti bisa wahalar buga takarda.

Aka share wa Saude tsohon sito, aka rubuta sunanta a ƙofa. Ran nan ta zo teburin Datti, ta matsar da huluna biyu, ta ajiye na'ura.

"Malam, saura kai. Darasin takin zamani, kafin ruwan Talata. Ka yi magana kamar kana gaya wa maƙwabcinka."

Datti ya gyara zama, ya danna, ya yi gyaran murya.

"Duba da ƙalubalen da ke fuskantar duniyar ilimi a wannan ƙarni…"

Ta miƙa hannu ta kashe.

"A sake, Malam. Mutum na tsaye cikin ruwa."