Ƙudujin Dakta

Barau na cikin tura ƙasa da ƙafa yana rufe ramukan da ya tona jiya sai ya ji tsayuwar mota a ƙofar gona.

Watansa biyu kacal a wannan gonar dabino ta bayan Ranuna, a Madina. Jiya ya tarar da furanni rawaya guda tara a gindin wani ɗan kurmin ciyawa, an kewaye su da waya. Ba ganye, ba kore. Da ya tona ɗaya, ya ga ya kafa baki a saiwar ciyawar yana tsotsa. Wanda ya shekara talatin yana yaƙi da ƙuduji a gonar gero a Tasawa ba sai an nuna masa ɓarawo ba. Ya tuge su tas, ya ƙone, har yana jiran yabo. Sai da safen nan direban gidan ya gaya masa don su aka yi shingen.

Mutum uku suka fito: kafilinsa, wato maigidan da ya kawo shi ƙasar kuma yake riƙe da fasfonsa, da wani daktan tsirrai Bamisire rataye da kyamara, da Malam Maiwada, ɗalibin jami'a da aka ɗauko tafinta.

Daktan ya durƙusa gaban tokar kamar mai ta'aziyya, ya yi magana doguwa.

"Baba, ya ce shekara shida yana nema, nan kaɗai ya gan su," in ji Maiwada. "Irinsu ya kusa ƙarewa a duniya."

"Ƙuduji ne fa, Malam!"

"Rage murya. Kafili ya ambaci tarhil, wato kora daga ƙasar, sau biyu. Kalas, shi ke nan, jirgi sai gida."

Barau ya tuna matarsa Sabuwa da bakuna biyar, da rumbun da fari ya bari wayam.

"Don Allah gaya masa," ya ce, "wannan abu ba ya mutuwa. Irinsa na kwance cikin ƙasa. Ubana ya cire, na cire, har gobe yana nan."

Daktan ya taɓe baki: mai yiwuwa, in an yi ruwan sama. Kafili kuwa ya yanke hukunci: iƙamar Barau, wato takardar izinin zamansa, za ta ƙare a Rajab. In fure ya fito, a sabunta. In bai fito ba, ya haɗa kayansa.

Da motar ta tafi, Barau ya ɗebo ruwa a bokiti ya shayar da ciyawar. Ya dubi samaniyar Madina, fes, ko ɓurɓushin girgije babu. Ya ɗaga hannuwa.

"Ya Allah, ka fito da ƙuduji."

Sannan ya waiga, ko wani mutumin Tasawa ya ji shi.