Cokalin Inna

A gidansu ba mai kiran ta da sunanta na gaskiya. Saura-Kaɗan suke ce mata, domin shekara da shekaru duk wanda ya tambaye ta ina labarin littafin da take rubutawa, amsar ɗaya ce: "Saura kaɗan." Yayanta ne ya laƙaba mata sunan, shi kuwa sunan ya bi ta har shagon maganin da take aiki. Ko a jikinta. A mota take rubutu a waya in za ta aiki, da yamma kuma ta zauna a teburin kicin ta juye shi a tsohuwar kwamfutarta, wadda ba ta karɓar caji sai an tokare wayar cajin da kwalbar gishiri.

Mai duba mata aiki kuwa Inna ce, mahaifiyarta. A zamaninta bakin Inna ba ya hutu. In ta fara ba ka labarin yadda ta sayo albasa, sai ka ji tarihin mai albasar har kakanninsa. Daga baya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita, ya tafi da hannun dama, ya tafi da magana ɗungurungum. Abin da ya bar mata kunne ne da hannun hagu, sai cokalin shayi da take riƙewa. Kullum in Inna ta gama cin abinci, Saura-Kaɗan ta ja kujera bakin gado ta karanta mata abin da ta rubuta. In jimla ta yi ƙarya, Inna ta buga cokali a jikin kofi, ƙwal! Dole a koma a gyara. In ta yi daidai, sai ta lumshe ido.

A cikin littafin akwai wata tsohuwa mai surutu, maƙwabciyar jarumar labarin. Kowa a gidan ya san ko wace ce. Duk maganar da Inna ta taɓa yi, ta faɗa da ta sa albarka, nan 'yarta ta adana ta, kuma ba kalmar da ta shiga sai da cokali ya amince.

Da littafi ya kammalu, kamfanonin buga littattafai suka yi ta wasa da hankalinta. Wasu suka ce ba irin nasu ba ne, wasu ko uffan ba su ce ba. Kwatsam wani kamfani ya kira ta.

Editan kamfanin mutum ne mai fara'a, jan biro a aljihun riga, takardun marubuta jibge a bayansa har sun rufe rabin taga. Kuma ya san aikinsa, wannan ba a ƙwace masa ba.

"Malama, littafinki yana da rai, za mu buga," in ji shi. "Amma tsohuwar nan ta yi yawa. Duk inda labari ya ɗau gudu sai ta tare hanya da zance. Ki cire ta."

"Gaba ɗaya, ranka ya daɗe?"

"Ki bar mata gaisuwa, in kina so."

Da ta faɗa a gida, Yaya ya ce, "Ke, kar ki yi wa kanki! Da babu gara ba daɗi. Shekara nawa kina jiran wannan rana? Cire ta mana, ai Inna ba za ta kai ƙara ba."

Ta kuwa cire. Tana son ganin littafin nan a kan kantar masu sayar da littattafai fiye da yadda take iya faɗa, kuma ta gaji da zama abin tsokana a gidansu. Ta bi babi babi tana gogewa. Abin haushi, labarin ya ƙara sauri kamar yadda Edita ya ce.

Ranar da ta gama, ta ja kujera bakin gado kamar kullum. Ta karanta har ta iso inda tsohuwa kan banko ƙofa ta shigo neman ashana. Inna ta san wurin sarai. Gefen bakinta da yake motsi ya fara murmushi tun kafin a iso. Sai labari ya wuce fuu, ƙofa ba ta buɗe ba.

Saura-Kaɗan ta dakata tana jiran ƙwal. Shiru. Inna ta ajiye cokalin a kan bargo, ta juya fuska bango. Don ta tsokano ta, sai 'yar ta ƙirƙiri wata jimla mai muni, irin wadda da a da ne kofi zai kusa fashewa. Cokali bai motsa ba. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da take.

Washegari ko shago ba ta biya ba, ta wuce ofishin Edita.

"Ranka ya daɗe, na gwada, kuma gaskiyarka, ya fi gudu. Amma na mayar da ita. Tsohuwar nan mahaifiyata ce. Ciwo ya rufe mata baki sau ɗaya, ni ba zan rufe mata na biyu ba."

Edita ya cire tabarau ya murza ido. "Allah ya ba ta lafiya. Amma Malama, mai karatu bai san mahaifiyarki ba."

"To ai shi ya sa na rubuta ta."

"A haka ba zan iya bugawa ba. Ki yi tunani, irin wannan dama ba kullum take zuwa ba."

"Na sani. Miƙo min kayana."

Ya miƙo mata. Ta rungume takardunta ta fito, ba ta waiwaya ba.

Yaya na zaune a falo, yana ganin ƙunshin takardu ya gane. "To, Saura-Kaɗan, yanzu saura nawa?"

"Saura da yawa, Yaya. Janye ƙafarka in wuce."

Ta shiga ɗakin Inna, ta ɗauki cokalin ta sa mata a hannun hagu, ta matso da kofi. Inna ba ta juyo ba. Ta buɗe littafin na asali ta fara karantawa. Ƙofa ta banku, tsohuwa mai surutu ta faɗo ɗaki. Idon Saura-Kaɗan ya cika da ƙwalla har ba ta ganin layin sosai, sai ta karanta da ka: "Don Allah ku ɗan ara min ashana."

Ƙwal!

Inna ta juyo, tana harararta da idon nan da ya raine su duka. Ita da ba ta taɓa roƙon kowa ashana ba a rayuwarta.

Saura-Kaɗan ta share ido da bayan hannu, tana dariya tana kuka. "Yi haƙuri, Inna." Ta duba takardar da kyau, ta ɗaga murya yadda mai maganar take ɗagawa a da: "Ina ashanarku? Ko ita ma kun cinye?"

Inna ta lumshe ido, cokalin na nan daram a hannunta.