Ƙugiyar Khalidu

Najiba ba ta karɓi aikin nan don tana da lokaci ba. Ta karɓe shi ne don kada baƙon hannu ya share rubutun yayanta Khalidu, wanda ya rasu bara.

Manhaja ce ta kowa da kowa, wadda ke raba kwamfuta ɗaya ta zama injuna da yawa, kowanne yana zaton shi kaɗai ne a gidan. Khalidu ya bar mata sassa biyu masu kama da juna kamar tagwaye, duka ya sa musu suna "kare". Masu kula da manhajar, da ba su jin Hausa ko ta sannu, suka ce maimaici ne, a haɗe su.

A ɗakinta na unguwar Aboabo a Zango, bayan rumfar wake da shinkafar Mma, mahaifiyarsu, ta haɗe su tsaf. Ta gwada. Ko wane inji ta tayar, sai ya mutu nan take. Ta sake, haka dai. Abin ya fi ba ta mamaki a kan haushi. Khalidu malalaci ne wajen wanki, amma ba ya rubuta abu sau biyu a banza.

Sai muryar Mma ta ratso taga, tana sallamar wani mai saye. "Oh, chale, shinkafa ya kare, ka zo gobe!" Ba ta ko numfasa ba ta ƙara, "Najiba! Kawo faifai na kare naman nan, kuda ya dame ni!"

Najiba ta tsaya cak. Ta koma ta bi sassan layi-layi. Na farko yana sallamar inji idan aikinsa ya ƙare. Na biyu yana kare shi daga leƙen maƙwabcinsa. Layi ɗaya tak ya raba su, ita kuwa ta zubar da shi. Khalidu, mutumin Zango dai! Bakinsa bai san ƙugiya ba, balle yatsunsa.

Dariya ta ƙwace mata. Shi ne fa mai tsokanarta da "'yar Kano" duk sanda ta gyara masa ƙa da ka.

Ta mayar da layin da ta zubar, ta haɗe abin da yake ɗaya, ta bar sunayen biyu yadda ya rubuta su. A saman na farko ta ƙara bayani, ta sa harafin da ƙugiyarsa. Injuna suka tashi lafiya.

Ta juya ta ce, "Yaya, ka gani ko?" Kujerarsa ce kawai a wurin. Sai a lokacin kukan ya zo mata.