Sai Kun Cika Goma

Sau uku na kai jikata allurar ƙyanda, sau uku ana maido ni gida. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya ce jahilci ne ya hana mu.

Uwarta, wato 'yata, tela ce, ba ta iya barin keke da rana, shi ya sa ni ke goya yarinyar. Mai Kumatu muke ce mata. Watanta tara cif, haƙora biyu, ga cizo kamar ɓera. Ranar farko mu huɗu ne a kan bencin ƙaramin asibitin unguwa. Nas ta leƙo, ta ƙirga mu da biro.

"Iya, kwalbar ta yara goma ce. In na buɗe, bayan awa shida ta lalace. Sai kun cika goma."

"To ki yi wa huɗun mana, 'yar nan."

"Shidan da zan zubar fa? Ni mai duba aikinmu zai tsare da tambaya."

Na ga tsoro a idonta, ban matsa ba. Amma raina ya ɓaci, don daga inda nake zaune ina jin ƙugin firjin da allurar ke ciki.

Mako na biyu mu bakwai ne. Da tsufana na fita bakin titi ina tare masu goyo kamar ɗan kamasho: "Baiwar Allah, watan ɗanki nawa?" Na samo ɗaya, muka zama takwas. Nas ta dubi agogo, ta ce a dawo. Mako na uku ruwa ya tsuge, mu biyu kaɗai muka zo.

Ba mu kai na huɗu ba. Zazzaɓi ya fara, ido ya yi ja, ƙuraje suka feso daga bayan kunne, sannan tari ya sauka ƙirji. A kwana na tara ta cika a hannun uwarta.

Da yara suka fara faɗuwa layi-layi, sai ga fararen motoci, ga rumfuna, ga riguna masu tambari. Ihu bayan hari. Kwalaben da ake lallaɓawa ana ta buɗe su, ko yaro ɗaya ne ya zo. Lasifika kuma na zagayawa tana cewa iyaye mata su daina sakaci. Wallahi sai da na toshe kunnena.

Rannan wata ma'aikaciya ta shigo gidanmu da waya a hannu, ta yi mana ta'aziyya cikin ladabi. Ta ce suna tattara dalilan da suka hana a yi wa yara allura. Ta karanto: nisa, miji ya hana, tsoron allura, rashin sani, mantuwa.

Na ba ta labari tun daga benci har ranar ruwan. Ta saurara, ta daɗe tana duba wayar.

"Iya, babu wannan a ciki."

"Sai ki ƙara shi."

"Ba ni na tsara ba. Kuma ba ta wucewa gaba sai na zaɓi ɗaya."

'Yata ta tsayar da keken. Ma'aikaciyar ta dube ta, ta dube ni, ta sassauta murya don ta kyauta mana.

"Bari in sa mantuwa. Shi ne mai sauƙi."

Kafin in buɗe baki ta danna. Yanzu a wani ofis da ban san inda yake ba, a rubuce yake cewa mantawa na yi da jikata.